Sharhi a Kan Kalmar "Inselberg" da Yadda Ake Bayar da Ita da Hausa: Dutsen Zuma a Matsayin Ma'auni

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, da zarar ya iso Madalla, kusa da Suleja a Jihar Neja, zai ga Dutsen Zuma tsaye shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Yaron da ya tashi a Suleja ya san dutsen nan tun kafin a sa shi makaranta. Sai ya kai sakandare, a darasin labarin ƙasa, malami ya rubuta masa wata kalma a allo, wato inselberg, ya ce wannan shi ne sunan irin wannan dutse a Turance. Daga nan ne matsala take farawa, domin malamin yakan so ya yi bayani da Hausa don ɗalibai su gane, amma ba shi da tsayayyar kalmar da aka amince da ita.

Manufar wannan sharhi ita ce mu duba ma'anar wannan kalma da asalinta da yadda ake amfani da ita, sannan mu auna hanyoyi uku da aka saba bi wajen bayar da ita da Hausa, mu nuna inda kowace ta gaza, daga ƙarshe mu kawo shawara ga malamai da masu tsara manhaja. Mun zaɓi Dutsen Zuma ya zama ma'auni saboda dalili ɗaya: duk kalmar da ɗalibin Suleja zai ji, ya kasa gane cewa dutsen da ke bayan garinsu ake nufi, to ba ta yi aikinta ba.

2.0 Asalin Kalmar da Ma'anarta

Ko da yake a littattafan Turanci muke cin karo da ita, kalmar inselberg ba haifaffiyar Turanci ba ce. Daga Jamusanci aka aro ta. Harɗaɗɗiyar kalma ce mai sassa biyu: Insel, wato tsibiri, da Berg, wato dutse ko tsauni. Wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Wilhelm Bornhardt ne ya shigar da ita cikin wannan fage a littafin da ya wallafa a 1900, a kan yankin Gabashin Afirka da Jamus take mulka a lokacin, wanda mafi yawansa ya zama ƙasar Tanzaniya. Abin da ya gani shi ne duwatsu ɗaiɗai suna tasowa daga shimfiɗaɗɗen fili, sai ya kwatanta filin da teku, duwatsun kuma da tsibirai. Turanci ya ari kalmar a farkon ƙarni na 20, bai fassara ta ba.

A faffadar ma'ana, inselberg shi ne duk wani dutse ko tsauni da ya tashi tsaye daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba tare da ya haɗu da wani jerin duwatsu ba, wanda kuma saura ne da ya rage bayan zaizaya ta cinye abin da ke kewaye da shi. Abubuwa uku ke nan a cikin ma'anar: kaɗaici, da tashi tsaye ba tare da doguwar gangara ba, da kasancewa saura.

Akwai wasu kalmomi da ke zagaye da ita waɗanda ya kamata malami ya bambance. A Amurka an fi amfani da monadnock, daga sunan wani dutse a Jihar New Hampshire, wanda masanin labarin ƙasa William Morris Davis ya mayar da shi sunan jinsi a ƙarshen ƙarni na 19. A shekarun 1930 kuma Bailey Willis ya ɗauki sunan Bornhardt kansa ya laƙaba wa nau'in da ke da siffar kifaffiyar ƙwarya, mai santsi, wanda ba ƙasa a kansa sosai. A Kudancin Afirka ana kiran ƙananan da suka farfashe suka zama tsibin duwatsu kopje. Sai kuma monolith, wadda masu tallan wuraren yawon buɗe ido suka fi so idan suna maganar Zuma. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta dutse guda. Ita tana magana ne a kan cewa abin dunƙule yake, ba ta ce komai a kan inda yake tsaye ko yadda ya samu ba. Saboda haka ba daidai ba ne a koya wa ɗalibi cewa ita da inselberg abu ɗaya ne, ko da yake Zuma ya cancanci sunayen biyu.

Abin lura a nan shi ne, su kansu masu Turancin ba su yi wa abin suna daga taskar harshensu ba. Sun ɗauko daga Jamusanci, da sunan wani wuri, da sunan mutum. Wannan ya nuna cewa babu wani abu na dole a cikin hoton tsibiri. Kwatanci ne da ya zo wa mutumin da ya saba da teku.

3.0 Dutsen Zuma da Yadda Irinsa Ke Samuwa

Ba za a iya auna fassara ba sai an san abin da ake fassarawa. Dutsen Zuma ya ɗaga sama da ƙasar da ke kewaye da shi da kimanin mita 300, ƙololuwarsa kuwa tana kan kimanin mita 725 daga doron teku. Sau da yawa akan haɗa waɗannan alƙaluma biyu, a ce tsayin dutsen mita 725 ne. Kuskuren yana da nasaba da harshe, domin kalmar "tsayi" ita kaɗai ba ta faɗi daga inda aka fara awo ba. Wajibi ne littafin Hausa ya riƙa cewa "tsayi daga gindi" ko "tsayi daga doron teku". Hoton dutsen ne aka sa a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999, don haka har ɗaliban da ba su taɓa zuwa Suleja ba sun san siffarsa.

Dutse irin wannan narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, ba aman wuta ne ya fito da shi sarari ba. Mafi yawan irinsa a tsakiyar Arewacin Nijeriya sun haura shekara miliyan 500 da daskarewa. Game da yadda suka bayyana a sarari, masana suna da manyan ra'ayoyi biyu. Na farko yana cewa abin mataki biyu ne. A mataki na farko ruwan sama yana ratsa tsagogin dutsen da ke binne, yana ruɓar da shi sannu a hankali har ya koma yumɓu da tsakuwa. Inda tsagogi suka yi yawa ruɓewar takan yi zurfi, inda kuwa dutsen yake dunƙule ba tsaga, sai ya tsira. A mataki na biyu zaizaya tana kwashe ruɓaɓɓen, sai dunƙulen ya fito fili. Abin da ya kamata malamanmu su sani shi ne, a kan duwatsun ƙasarmu aka gina wannan ra'ayi tun da wuri: J. D. Falconer, wanda ya yi aikin binciken ma'adinai a Arewacin Nijeriya, ya bayyana shi a littafinsa na 1911, kuma Michael Thomas ya faɗaɗa shi da nazarin da ya yi a Nijeriya a shekarun 1960. Ra'ayi na biyu, wanda aka fi danganta shi da Lester King na Afirka ta Kudu, yana cewa gefen tudu ne ke ja da baya saboda zaizaya, har ya bar ɗaiɗaikun duwatsu a tsakiyar fili. Ko wanne aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne: dutsen bai tsiro ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi ta bar shi.

Bayan ya fito fili, fuskarsa takan riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, abin da ke ba shi siffar nan mai santsi. Ramuka da tabon ruwan da ke gangarowa su ne suke haɗuwa su ba da abin da mutane suke gani kamar fuskar mutum a jikin Zuma. Malami yana da misali a kusa da zai haɗa darasin da rayuwar gari: ruɓewar da ta keɓe dutsen ita ce irin wadda take samar da yumɓu, kuma Suleja gari ne da ya yi suna a ginin tukwane, inda Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da sana'ar a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali kuma ta shiga a 1954.

4.0 Sharhi a Kan Hanyoyi Uku

4.1 Barin ta a "dutse" ko "tsauni"

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce inselberg dutse ne, shi ke nan. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a koyar da komai ba. Kalmar "dutse" a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa: wanda yaro ke jifa da shi dutse ne, na niƙa dutse ne, na guga dutse ne, Dala dutse ne, Kilimanjaro ma dutse ne. A zancen yau da kullum wannan ba aibi ba ne, domin muhallin magana yakan warware. A aji kuwa, inda ake son ɗalibi ya bambance siffofin ƙasa, kalmar ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da muka ambata ba. "Tsauni" ma haka, ba ta nuna kaɗaici, kuma tana iya nufin abin da ke da doguwar gangara. Illar wannan hanya ita ce tana sa ɗalibi ya ɗauka cewa Hausa ba ta iya rarrabewa, alhali harshen da ke da fā, da marmara, da tudu, da hayi, da jigawa, da kwari, da kwazazzabo, da fadama ba za a ce bai lura da siffar ƙasa ba.

4.2 Aro

Hanya ta biyu ita ce a hausantar da lafazin, a ce "insalbag" ko makamancin haka. Ba mu ƙin aro. Hausa ta ari mota da asibiti da tebur, kuma sun zauna daram. Sai dai waɗannan sun shigo ne tare da abubuwan da suke nufi. Gwargwadon sabuntar abu, gwargwadon haƙƙinsa na zuwa da sunansa. Duwatsun nan kuwa a gindinsu aka kafa garuruwan Hausa tun farko: Dala a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara. Mutane sun zaɓe su saboda tsaro da kuma ruwan da ke taruwa a gindinsu. Ita kanta Suleja tarihinta yana da alaƙa da wannan, domin zuwa wannan yanki mai duwatsu, na Gbagyi da Koro, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya nufo bayan jihadin da aka fara a 1804, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wanda aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birnin tarayya a 1976. Bai dace a ce al'ummar da ta yi ƙarnoni a gindin abu sai ta jira baƙo ya raɗa masa suna ba.

Bayan wannan, aron ba ya ɗauke da ma'ana ga mai ji. Ɗalibin Jamus yana jin tsibiri da dutse a cikin kalmar, ɗalibin Suleja kuwa gaɓoɓi uku kawai yake ji, sai hadda. Har ila yau, kalmar da aka hausantar ba za ta taimake shi a jarrabawar da ake rubutawa da Turanci ba, tunda rubutunta ya sauya. Ke nan an yi ba wan ba ƙanen.

4.3 Fassarar Kalma da Kalma

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi kama da ilimi, kuma a ganinmu ita ta fi haɗari: a ce "tsibirin dutse". A nan an manta da wani muhimmin bambanci na ƙirar kalma. A harɗaɗɗiyar kalmar Jamusanci, kai yana zuwa ne a ƙarshe. Inselberg dutse ne, tsibirin siffanta shi kawai yake yi. A Hausa kuwa kai yana zuwa a farko, mahaɗin -n ko -r ya biyo baya: "gidan ƙasa" gida ne, "rigar ruwa" riga ce. Saboda haka "tsibirin dutse" tsibiri ne, wanda aka yi da dutse, kuma Bahaushe zai nemi ruwan da ya kewaye shi. Idan aka juya aka ce "dutsen tsibiri", ma'anar ta koma dutsen da ke kan wani tsibiri. Ta ko'ina aka bi, an kai ɗalibi bakin kogi, alhali ana son a kai shi Madalla.

Wannan misali ya isa ya zama gargaɗi ga duk kwamitin da ke aikin keɓaɓɓun kalmomi. Bin tarihin kalma yana da amfani wajen fahimtarta, amma tarihin kalma ba shi ne ma'anarta ba, kuma kwatancin da ya yi armashi a wani harshe yana iya ɓatar da mai sauraro a wani.

5.0 Shawararmu da Abin da Za a Iya Sukar Ta da Shi

Ra'ayinmu shi ne, kafin a ƙirƙira, a fara duba abin da harshen ya riga ya yi. A birnin Kano akwai tsaunin da ake kira Gwauron Dutse. Waɗanda suka raɗa wannan suna sun ga abin da Bornhardt ya gani, wato kaɗaici, amma sun ɗauko kwatancinsu daga zaman jama'a, ba daga teku ba. Ƙirar ba baƙuwa ba ce, domin muna cewa "gwauron numfashi". Kai yana nan inda ya kamata, tunda "gwauron" siffantawa yake yi kamar yadda "farin" yake yi a "farin dutse". Jinsi ya dace, jam'i kuma yana samuwa ba tare da wahala ba: gwagwaren duwatsu. Don haka muna ba da shawarar a ɗauki "gwauron dutse" a matsayin takwarar inselberg a faffadar ma'anarta.

Mun auna "tilon dutse", muka ajiye shi saboda dalili biyu. Na farko, a darasin nahawu "tilo" ta riga ta zama kishiyar "jam'i", kuma ɗalibi ɗaya ne ke zama a azuzuwan biyu. Na biyu, jam'insa yakan zama magana mai karo da juna, domin "tilon duwatsu" ba ya shiga kunne.

Ba mu ce shawararmu ba ta da rauni ba. Suka ta farko ita ce, sunan ya riga ya zama na wani wuri da unguwa a Kano. Amsarmu ita ce, monadnock ma haka ya faro, kuma babban baƙi a rubutu ya isa ya raba sunan wuri da sunan jinsi. Suka ta biyu ta fi nauyi: Gwauron Dutse na Kano, kamar Dala, tsauni ne mai hular marmara, ba dunƙulen dutse mai santsi irin Zuma ko Kufena ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa muka taƙaita shawarar ga faffadar ma'ana, wadda ta haɗa duka biyun. Nau'in Zuma, wato bornhardt, muna ganin a kira shi "gwauron dutse mai sanƙo", wanda ya farfashe kuwa, wato kopje, a kira shi "tsibin duwatsu". Suka ta uku ita ce, irin waɗannan duwatsu sukan zo da yawa a wuri ɗaya, kamar yadda ake gani tsakanin Suleja da Abuja. Wannan bai rushe sunan ba, domin abin da ake nufi shi ne kowannensu yana tsaye da gindinsa, bai jingina da wani ba. Suka ta huɗu ita ce kalmar tana da barkwanci, musamman ga yaran da suka san tashen gwauro a watan azumi. Mun yarda za a yi dariya a ranar farko. Amma kalmar da aka yi wa dariya aka riƙe ta fi wadda aka haddace aka manta, kuma yawan amfani yakan kankare barkwanci daga jikin kalma.

Akwai abu ɗaya da "gwauron dutse" bai ɗauka ba, wato kasancewar dutsen saura. Ita ma inselberg ba ta ɗauka ba. Wannan aikin ta'arifi ne, ba na suna ba. Ta'arifin da muke ba da shawara shi ne: gwauron dutse shi ne dutse ko tsaunin da ya tashi tsaye shi kaɗai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ya rage bayan ruɓewa da zaizaya sun kwashe abin da ke kewaye da shi.

6.0 Abin da Ya Rataya a Kan Malamai da Masu Tsara Manhaja

Aikin daidaita kalmomi a Hausa ba yau aka fara shi ba. An kafa Hukumar Hausa a 1955, an wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Nasarar da aka samu a fannin nahawu, inda kalmomi irin su "gaɓa" da "aikatau" suka zauna, ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan aka haɗa masana harshe da masu fannin. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da bugunta na 2004 sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Manufofi sukan sauya, amma ko da wane harshe aka rubuta littafi, malamin da ke gaban ɗaliban da Hausa ce harshen hulɗarsu zai koma gare ta idan bayani ya yi tsauri. Tambayar kawai ita ce ko zai sami kalma a shirye. Bisa ga haka muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) A riƙa kawo kalmar Hausa da ta Turanci tare a littafin ɗalibi, ta Turancin da ainihin rubutunta, domin buƙatar jarrabawa.

(b) Kada a amince da wata harɗaɗɗiyar kalma da aka fassara sai an tabbatar kanta bai juya ba.

(c) A tattara sunayen siffofin ƙasa daga bakin manoma da mafarauta da makiyaya da masu ginin tukwane, da kuma sunayen garuruwa da unguwanni, kafin a zauna ƙirƙira. A yanki irin Suleja a haɗa da sunayen da Gbagyi da Koro suke amfani da su.

(d) A gwada kowace sabuwar kalma a aji kafin a buga ta. Gwajin ba shi da tsada: a faɗa wa ɗalibai kalmar ba tare da bayani ba, a ce su zana abin da suka ji.

(e) A fara darasi da dutsen da ke kusa, sannan a tafi na nesa. Ɗalibin Suleja ya fara da Zuma da Aso, na Zariya da Kufena, na Gusau da Kwatarkwashi, kafin a ambaci Uluru na Ostireliya.

7.0 Kammalawa

A wannan sharhi mun nuna cewa inselberg kalmar Jamusanci ce da Turanci ya ara, wadda aka gina a kan kwatanta fili da teku. Mun nuna cewa barin ta a "dutse" ba ya rarrabewa, hausantar da lafazinta ba ya isar da ma'ana, fassara ta kalma da kalma kuma yana juya kanta har ta nufi wani abu daban. Mun kawo "gwauron dutse" tare da ta'arifinsa da kuma sukar da za a iya yi masa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin hukunci na ƙarshe ba. Muna kira ga malaman labarin ƙasa da na Hausa, musamman na Suleja da kewaye, su gwada "tsibirin dutse" da "gwauron dutse" a azuzuwansu ta hanyar zanen da muka ambata, su aiko da abin da suka samu, domin a kan wannan ne ya kamata kwamitin manhaja ya tsayar da magana.